Yadi Shida na Wayar Sifika

Shekarar da mutanen ƙauyenmu na wajen Gwaska suka watse saboda 'yan bindiga, kawuna ya iso gidana a Birnin Gwari a bayan babur, da buhun masara ɗaya da tsohon rediyonsa. Irin na da ne mai cin kaset, uwar daban, sifikoki biyu na katako daban. Safiyar da suka gudu bai tsaya kwance wayoyin ba, lauje ya sa ya datse su.

Idonsa ya riga ya yi rauni. Sai ya yini a zaure, ga kaset ɗin karatu cike da kwali, babu halin saurare. Na ce zan samo waya, ko da yake albashin malamin firamare bai bar mini wani abin kirki ba.

Ranar kasuwa na tafi Tsohon Birnin Gwari, wurin wani mai gyaran rediyo da aka ce yana ajiye tsofaffin kaya. Idona ya fara sauka a kan wata mai kauri, tana ƙyalli cikin leda. Ya ɗauki reza ya kankare bakinta, sai ga fari.

"Malam, wannan ado ne kawai," in ji shi. "Alminiyam ce aka shafa wa ja. Ba ta daɗewa take karyewa."

Akwai wata siririya mai araha, ya ce sauti zai fita amma kamar na mai mura. Daga nan ya jawo wata tsohuwa daga ƙarƙashin tebur, duk ta yi dauɗa, wadda aka cire daga lasifikar wani masallaci. Cikinta jan ƙarfe ne zalla. Ya tambaye ni nisan uwar da sifikokin, ya ce yadi shida ya ishe ni. Ya ƙulla bakin sili ɗaya don kada in rikita ja da baƙi.

Na hau acaɓa zuwa gida tun kafin la'asar, domin bayan nan ba mai bin hanyar. A wata kwana kusa da daji 'yan sa-kai suka tsayar da mu. A lokacin duk wanda aka gani da fetur ko burodi mai yawa ko kayan wuta, zargi ake yi wa mutanen daji zai kai. Wani mai bindigar toka ya zazzage jakata.

"Wayar mece ce wannan?"

"Ta rediyo ce."

"Wane rediyo ne ke cin waya haka? Ko ta sola ce za ka kai musu?"

Na laluba aljihu, ashe na bar katin aikina a gida. Ɗan acaɓan ya ja baya, ya ce shi a tasha ya ɗauke ni, bai san ni ba. Aka ce in zauna a ƙasa. Na zauna ina kallon takalmansu.

Shugabansu dattijo ne mai furfura a gemu. Ya juya wayar a hannu, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Tashi mu je in ga rediyon." Ya hau bayana a babur ɗin, bindigarsa tana tokare da haƙarƙarina har cikin gari.

Kawu ya ji baƙuwar murya a zaure, ya miƙe yana lalube. Na ce, "Zauna, Kawu, baƙo ne ya zo ganin rediyo." Na fere wayar da haƙori, har sili ya soke ni a yatsa. Babu wuta, sai na haɗa da batirin mota. Na danna. Kaset yana juyawa, amma shiru.

Dattijon ya gyara riƙon bindigarsa.

Na leƙa bayan uwar, na ga sili ɗaya ya zame daga maƙalinsa. Na murɗa shi na mayar. Sifikar hagu ta yi ƙara, muryar mai karatu ta fito, sai ta dama ta biyo.

Dattijon ya tsaya har aka kai ƙarshen aya, sannan ya tambayi Kawu daga wane ƙauye yake. Da ya ji, ya ce shi ma mahaifiyarsa daga wajen take, ya yi masa jaje. Ni kuwa ya ce mini, "Malam, ka riƙa yawo da katinka. Ba kullum nake wurin ba." Na kawo ruwa, bai sha ba, ya tafi.

Kawu ya ce in ɗan rage sautin. Na rage, na shiga cikin gida na zauna a kan turmi. Matata ta tambaye ni ko lafiya, na ce gajiyar hanya ce. Sai bayan kwana biyu na iya gaya mata.