Kunyar Ɗan Fari a Layin Asibiti

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sanƙarau ya shigo Illela da bazara. Ɗana na fari ya kwana biyu da zazzaɓi, sai ni da uwar mijina muka kawo shi asibiti daga Garu.

Muka tarar da mutane kwance har bakin ƙofa. Malamin asibiti shi kaɗai ne, motar kai marasa lafiya Sakkwato kuma ɗaya ce. Don haka yana bin layi yana ware waɗanda ciwonsu ya fi tsanani. Na ga an lulluɓe gawar wata yarinya kusa da mu.

Ya iso kanmu ya ce, "Ke ce uwar yaron? Mi ke damun shi?"

Ni na goyo shi, na san wuyansa ya sanƙare tun a hanya. Amma a wurinmu mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle a gaban uwar miji. Na sunkuyar da kai na ce, "Da sauƙi."

Ya wuce. Mota ta tashi ta bar mu.

Sai washegari aka kai yaron Sakkwato. Ya rayu, amma ciwon ya tafi da jinsa. Har yau in na ji ana yabon irin wannan kunya, raina ɓaci yake yi. Ni a bakin gadonsa na yar da tawa, na kira sunansa da ƙarfi, karo na farko. Bai juyo ba.