Babin da Malam Shehu Ya Ce a Cire

Ranar sadakar arba'in ta Malam Shehu na Kebbe ba ta taɓa fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna ganin tsanani ne in na tsare ku da tambaya kafin ku haɗa kwamfuta da kwamfuta, har na ji wasunku na kirana Baba Tsaya-tukuna a bayan idona. Ba komai. Ku zauna ku ji inda na samo tsayawar.

A lokacin ina buga rubutu ne a wani shago a Tambuwal. Mai shagon, Alhaji Ummaru, mutum ne mai tsari da tsoron Allah. Kwamfuta biyu gare mu. Ta tebur ita ce babba, uwa muke ce mata: a kanta ake tsara shafuka, daga kanta ake fitar da abin da za a kai maɗaba'a. Laftof kuwa ita ce mai yawo, ni nake rataya ta in je wurin waɗanda ba sa iya zuwa shago. Don kada su saɓa, Alhaji ya sa mana wata manhaja: in na dawo a haɗa su, duk abin da ya sauya a ɗaya sai ya koma ɗayar. Har saitinsu ɗaya ne, girman takarda da faɗin gefe da irin harafin Larabci, don shafin da mutum ya gani a laftof ya zama shi ne zai fito a takarda. Wuri guda ne manhajar ke cijewa. In an taɓa fayil ɗaya a nan kuma an taɓa shi a can, ba ta san na gaskiya ba, sai ta tambaya wanne za a riƙe. Wanda aka zaɓa shi ke danne ɗan'uwansa a kwamfutocin biyu.

Mu kuwa muna da dokarmu a kan wannan tambaya. Yawancin aikinmu na malamai ne, wa'azi da fassara da littattafan ɗalibai, kuma Alhaji ya ce duk ranar da fayil biyu suka saɓa a riƙe mafi nauyi. Ba a zubar da maganar malami, in ji shi. Shekara da shekaru dokar nan ba ta ba mu kunya ba, don malamai ƙari suke yi a rubutunsu, da wuya ka ga wanda ya rage.

Malam Shehu tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Yana da littafi a kan zakkar amfanin gona da yake so ya bari wa ɗalibansa, shi ya sa duk mako nake hawa babur in je Kebbe. Ya kishingiɗa a zaure yana faɗa, ni ina bugawa. A cikin littafin akwai babi guda da ko bugawa nake yi sai in ji nauyinsa. Raddi ne a kan Malam Haliru na Sanyinna. Zaure ɗaya suka yi karatu tun suna samari, daga baya suka saɓa a kan zakkar albasa, magana ta yi tsami har suka daina gaisawa. A babin nan Malam Shehu bai bar masa komai ba, har ya ce fatawarsa ta faranta wa manyan manoma ce.

Zuwana na ƙarshe da damina ne. Na tarar da shi kwance, babban ɗansa Malam Nasiru ya tafi gona, zauren daga ni sai shi. Ya ce in karanta masa babin raddin. Na karanta tun daga farko, idonsa a rufe. Da na kai aya sai ya ce:

"Ɗebe shi, Malam Sani. Duka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, duka babin?"

"Duka nic ce. Ban son in gamu da Ubangijina da wanga abu bisa wuyana. Saɓaninmu na ilimi na, amma zagin nawa na, ba na ilimi ba."

Na goge a gabansa. Sannan ya faɗi wasu 'yan layuka na sa a gurbin babin. Ya ce kuma ya riga ya aika wa Malam Haliru saƙon baka ta hannun wani ɗan kasuwa cewa ya janye. Wallahi ranar na fito zauren nan zuciyata fes.

A hanyar komowa, kun dai san hanyar Kebbe in ruwa ya sauka, babur ya zame da ni cikin laka. Ƙafata ta karye, waya ta fashe. Aka kwashe ni zuwa gidan mai ɗori a Jabo, jakar laftof kuma wani bawan Allah ya kai ta shago. A makon nan Alhaji ya zauna ya tsara shafukan littafin a kan ta tebur, wato an taɓa fayil ɗin a can ma. Da ya haɗa su, manhaja ta yi tambayarta. Ya duba ya ga na laftof ya rame ƙwarai, ya ɗauka faɗuwar ce ta lalata shi, ya yi hamdala da akwai cikakke a wurin uwa. Ya riƙe mafi nauyi, kamar kullum.

Ina kwance Allah ya karɓi ran Malam. Iyalinsa suka nemi a gaggauta bugawa don a raba littafin ranar arba'in, ladan ya kai gare shi. Alhaji ya zo duba ni, muka sha maganar ƙafa, ya ce littafi na tafiya daidai, na ce alhamdu lillahi. Ni na san gyaran na cikin laftof, shi ya san ya tsare maganar Malam. Kowannenmu hankalinsa kwance.

Ranar sadaka na matsa sai da aka sa ni a mota, da sandata. Mun isa an shafa fatiha ta farko, mutanen ƙauyukan nesa sun karɓi nasu littafin sun hau babura. Aka miƙo mini ɗaya. Na buɗe don in ga 'yan layukan nan na Malam, sai ga babin raddi zaune daram, ba wasalin da ya ɓace. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na ɗaga kai, can a tabarmar gaba ga wani tsoho da farin rawani, aka ce mini shi ne Malam Haliru. Ya taso tun daga Sanyinna saboda saƙon da ya samu. Littafin na hannun ɗansa, yana karanta masa a hankali kusa da kunne.

Na ja Alhaji gefe na gaya masa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya ɗauko laftof daga mota, muka buɗe. Abin da ke cikin uwa shi ne a cikinta, harafi da harafi. Manhajar ta yi aikinta tsaf, ba ta bar ko alamar abin da Malam ya faɗa ba.

Muka sami Malam Nasiru. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Sani, ba ƙaryata ka nikai ba. Amma abin da Baba yab bari rubuce shi munka sani. Wa yaj ji bayan kai?"

Na ce, "Allah kaɗai."

Ban ga laifinsa ba. Mutum bai cire babi daga littafin mahaifinsa don wani ya ce ya ji. Muna tsaye cirko-cirko sai aka ce Malam Haliru na kiran mai bugun littafin. Na dogara sanda na je na durƙusa yadda ƙafar ta bari.

Ya ce, "Ɗana, an aiko min cewa ya janye. Ga shi kuwa ana karanta min. Wane na gaskiya?"

Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce to in faɗa masa layukan yadda mai su ya faɗe su. Sun zauna mini a ka, don sau da yawa na maimaita su ina kwance a Jabo. Na ɗaga murya na ce: "Abin da na faɗa a kan ɗan'uwana Na-Inna na janye shi. Ra'ayina na nan, nasa na nan, Allah ne masani. Ina roƙonsa ya yafe mini."

Sai hawaye suka biyo gemun tsohon nan. Ya ce, "Na-Inna. Babu mai kirana haka in ba shi ba, tun muna zauren malaminmu. Ko ɗiyana ba su san sunan ga ba." Ya juya wajen Malam Nasiru ya ce, "Maganar babanka ta. Na yafe mai duniya da lahira, shi ma Allah shi sa ya yafe min."

Malam Nasiru ya tashi ya shiga gida ya fito da reza. Aka zazzage kwalayen littattafan a tsakar zaure. Alhaji Ummaru da kansa ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa yana yanke shafukan littafi bayan littafi, mutumin da bai taɓa yarda a zubar da kalmar malami ba. Ni kuma na rubuta layukan nan da hannu, ɗalibai suka yi ta kwafa ana liƙawa a gurbin. Muka aika saƙo ga waɗanda suka riga suka tafi da nasu, wasu suka maido, wasu har yau ba mu san inda nasu ya shiga ba.

Tun daga ranar muka sauya aiki. Ba a zaɓar fayil da nauyinsa ko da sabuntarsa. A adana duka biyun gefe guda, a nemo wanda ya zauna da mai rubutun a tambaye shi, ko da kuwa yana kwance gidan ɗori. Daidaita kwamfuta biyu abu ne mai sauƙi, kowa na iyawa. A ranar nan namu sun daidaita sarai, kuma dukansu ba su faɗi abin da Malam ya mutu a kansa ba.

Bara wani ɗalibi ya kawo mini tsohon littafin nan in yi masa hoto. Na buɗe, babin na ciki. Na zaunar da shi na ba shi labarin nan kamar yadda nake ba ku, ya yarda muka yanke. Malam Haliru ya rasu, Alhaji ma ya rasu. Sauran kwafin na can wani wuri ana karantawa, Malam Shehu na ta zagin abokinsa a cikinsu, kuma ni kaɗai ne na ji ya ce a cire.