Hoton Rana a Ɗakin Mai Jego

Akwai wata ranar watan Afrilu da na san ko na tsufa ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ɗan shuɗe tun daga ranar.

Lokacin ban daɗe da gama lise ba, wato sakandare, ina zaune a gidanmu a Garwa ina jinyar Baba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ba ya iya tashi da kansa, maganarsa ma sai ka kai kunne kusa da bakinsa. Wanda ya san Garwa ya san zafinta ba na wasa ba ne. Shi ya sa Hamma, babban wanmu da ke aiki a Duwala, ya ce a sa wa gidan kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma aiko da mai haɗawa.

Ni na riƙe wa mutumin bakin igiyar awo. Ya auna tsawo da faɗi da tsayin kowane ɗaki, ya tambayi mutum nawa ke kwana a ciki, ya duba inda taga ke kallo. A ɗakin Baba ya fi daɗewa, don yamma yake kallo, kuma kwano ne a sama da silin mara kauri. Ya ce su da doki suke auna ƙarfin na'ura, ɗakin Baba sai doki ɗaya da rabi, nawa kuwa ɗaya ya isa.

Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta leƙo ta ce, "Kai yaro, sa masa mai doki biyar mana. Yayana ne fa, ba baƙo ba."

Ya yi dariya ya ce, "Goggo, in ta yi wa ɗaki girma sai ta riƙa kamawa tana tsayawa, ɗakin ya yi danshi. In kuma ta yi ƙarama ta yini tana wahala ba sanyi. Daidai ake so."

Daga ƙarshe aka tsaya a kan inji ɗaya babba a waje, wanda zai ciyar da kawunan hura iska huɗu a ɗakuna huɗu: na Baba, nawa, falo, da wani da ke kusa da na Goggo. Bangon tsakar gidanmu ba shi da fili, Hamma kuma ba ya son injuna barkatai suna ƙara a kan Baba. Aka zaɓi irin mai sanyi da ɗumi, saboda Baba na jin sanyin asubar Disamba da ke tasowa daga kogin Binuwai. Na tuna mai haɗawar ya faɗa a wuce cewa injin ba ya yin abu biyu a lokaci guda, ko sanyi ga kowa ko ɗumi ga kowa. Muka yi dariya har da shi. Wa zai nemi ɗumi a Garwa alhali wani na neman sanyi? Aka liƙe tagogin ɗakin Baba don kada sanyi ya tsere, muka yi watanni cikin jin daɗi.

Sai Adda, yayata, ta haihu ta dawo gida wanka. Aka ba ta ɗakin da ke kusa da na Goggo, Goggo kuma ta karɓi jegon hannu bibbiyu.

Ranar da abin ya faru gidan cike yake da 'yan barka. Da hantsi na ba Baba kunu, na gyara masa kwanciya, na ja ƙofa. Na shiga madafa, ga kifin Lagdo da aka kawo ana jira a soya, ga baƙi sai shigowa suke. Wajen azahar na tura ƙofarsa kaɗan, na hango 'yar fitilar kilim a kunne, shi kuma idonsa a rufe. Ban shiga ba don kada na tashe shi. Ashe ƙyaftawa fitilar take yi, ni kuma daga bakin murhu na fito, ko'ina sanyi ne a jikina.

Bayan la'asar na ɗauko ruwan alwalarsa. Ina buɗe ƙofar wani huci ya buge ni a fuska, kamar na leƙa tanderun burodi. Na'urar shiru. Baba na kwance yadda na bar shi, bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun bushe. Na taɓa goshinsa, zafi zau, ba ko ɗigon gumi. Na kira shi, na sake kira, bai motsa ba.

Ban san na yi ihu ba, daga baya aka gaya mini. Abin da na sani shi ne ni da wata maƙwabciyarmu mun kama zanin gadon mun ja shi har gindin darbejiyar tsakar gida. Mata suka riƙa tsoma mayafansu a randa muna shimfiɗa masa, wasu na fifita da faifai. Mijin maƙwabciyar ya kawo mota. A hanya kan Baba na kan cinyata, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Likita ya ce zafi ne ya kama shi, da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Dab da magariba ya buɗe ido ya motsa yatsunsa a hannuna.

Washegari mai haɗawar ya zo. Ya duba injin waje, lafiya lau. Ya duba na ɗakin Baba, lafiya lau. Sai ya nemi izinin ganin sauran ɗakunan. A ɗakin Adda ya ɗauki telekoman, wato rimot ɗin kilim, ya nuna mini. Maimakon hoton ƙanƙara, hoton rana ne a jiki.

"Wa ya danna wannan?"

Goggo ta ce, "Ni. Yarinya jini ɗanye, ta fito daga ruwan zafi, sai a hura mata sanyi ya shige ta? Mu a zamaninmu garwashi ake sawa a ƙarƙashin gado. Jiya na gano wajen ɗumin, na ce alhamdulillahi, ba sai na hura gawayi ba."

A hankali ya yi mata bayani. A irin wannan injin, in ɗaki ɗaya ya nemi ɗumi, shi ake bi, sauran ɗakunan su tsaya jira. Falo a buɗe yake cike da mutane, ba wanda ya lura. Na ɗakina a kashe yake. Baba kaɗai ne a rufe, kuma shi kaɗai ne ba ya iya kira.

Goggo ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "Ni na dafa yayana?" Adda ta riƙe ta tana cewa ba ta sani ba ne. Mai haɗawar ma ya ce da ya yi tunanin jego, da bai yarda a haɗa ɗakin mara lafiya da na kowa ba.

Kafin a sallamo Baba aka raba ɗakinsa da sauran, aka sa masa ƙaramin injinsa shi kaɗai a bayan gida, aka kuma mayar da taga ɗaya mai buɗewa. Yana nan da ransa, ko da yake bai koma cin abinci kamar da ba. Ni kuwa har yau ba na iya leƙe daga bakin ƙofa. Sai na shiga, na ɗaga hannu na ji iskar a fatata, na taɓa wuyansa. Wani lokaci ya buɗe ido ya harare ni don na tashe shi, ni kuma hararar daɗi take yi mini.

Abin da na koya shi ne, mun auna bango da taga da rufi daidai, amma ba mu zauna mun tambayi yadda mutanen ɗakunan ke rayuwa ba, wa zai haihu, wa ke tsoron sanyi, wa ba ya iya ɗaga murya. Duk wanda zai sa irin wannan na'ura a gidan da ke da mara lafiya, ina roƙonsa ya fara da wanda ba zai iya cewa "zafi nake ji" ba, kada kuma ya rataya numfashinsa a kan maɓallin da ke hannun wani.