Gaisuwar da Na Haddace a Bayan Kwali

"Abuela," in ji maƙwabcina, yana nuna wata tsohuwa a hoto. Na rubuta a bayan kwali: kaka.

A Guangzhou ne, ƙasar Sin, ƙarshen shekarun casa'in. Maƙwabcina a masauki ɗan Peru ne, tare muke zuwa Xintang sarin wandon jins. Sifaniyanci kaɗai yake ji, kullum sai dai ɗaga hannu. Abin ya tsaya min a rai. Ni Bakano, in wuce maƙwabci ban tambayi mutanen gidansa ba? Na ce wallahi sai na koya.

Madre uwa, padre uba, esposa mata, hijos 'ya'ya. Sati biyu ina bita a mota kamar hadda.

Ranar da na tare shi a bakin ƙofa, na jero su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa "bien", wato lafiya.

Na ce, "Abuela?"

Ya nuna sama, ya ɗaga yatsu uku. Ashe kwananta uku da rasuwa, bai sami wanda zai faɗa wa ba.

Na cire takalmi na shiga, na zauna masa zaman makoki.

Ku fa, yau wa kuka tsaya kuka tambayi mutanen gidansa?