Kwalaben da na wanke da amoniya

"Baba, da me kuke wanke kwalaben?"

'Yar maƙwabcina ce ta tambaye ni jiya. Likita ce, takan leƙo ta auna ni, tunda ni kaɗai na rage a gidan.

Ina ba ta labarin aikina ne a ɗakin gwajin jini, shekarun da ƙasa ke cikin arzikin man fetur. Da ruwan jinin ɓeran Masar muke gwada ciwon tunjere. Kwatsam ya daina aiki, mako guda babu sakamako. Na ce abokin aikina Malam Isa ne ya bar shi cikin zafi. Ya rantse, ban yarda ba. Aka sallame shi, ya koma Darki yana noma.

Na ce mata, "Da amoniya. Ni na kawo dabarar a makon da gwajin ya lalace, don su yi ƙyalli."

Ta ajiye abin awon a hankali.

"Baba, a ruwan jinin akwai sinadari mai ɓoyayyiyar ƙugiya, da ita yake kama ƙwayar cuta. Amoniya tana karya ta. A lokacinku ba a gano ƙugiyar ba."

"Ke nan ba Isa ba ne, 'yata?"

"Allah ne masani, Baba. Amma ba na jin shi ne."

Ƙafafuna yanzu ko gadar Wudil ba sa kai ni, balle Darki da ke gaba da ita. Mutanen Darki, don Allah in Malam Isa mai gwajin jini yana raye, ku sanar da ni a ƙarƙashin wannan rubutu. Ina so in roƙe shi gafara da bakina.