Ɗinkin da Ya Zo a Karkace

A shekarun da sama ta ƙi mu ina 'yar shekara takwas. Gidanmu yana gabas da Gezawa, cikin ƙauyukan nan da gonar wani ke jingine da dangar wani. Damina biyu a jere gero yana fitowa, ya kai gwiwa, ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Rumbunmu ya koma wurin wasan ɓuya. Da la'asar ni da Inna mukan bi gefen gonaki muna tsinkar tafasa da yaɗiya, a dafa da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba a ci haka nan. Kananzir kuwa har mun manta warinsa. Shi ya sa da an idar da sallar magariba muke matsawa bakin murhu wajen kakata Iya, domin wutar kara ita ce fitilarmu.

Iya ita ta haifi Babana, kuma shi ne ɗanta na fari, saboda haka har zuwa lokacin ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", tana kau da kai kamar mai maganar baƙo. Ko ranar da zai tafi Ikko neman abin da za mu ci, bayan damina ta farko ta lalace, ba ta raka shi ko zaure ba. Tana zaune tana saƙar faifai ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ba ta ɗago ba.

Amma ita ta koya masa riƙon allura tun yana yaro, da yake ba ta samu 'ya mace ba, har ya zama gwanin ɗinkin hula. Wata biyu da tafiyarsa, hedimastan firamarenmu, wanda yake ɗauko wa duk ƙauyen wasiƙu daga gidan waya na Gezawa a kan kekensa, ya kawo mana ambulan. A ciki akwai ɗan abin cefane, da takardar da wani mai rubuta wasiƙa ya rubuta wa Baba, da wani farin ƙyalle kamar tafin hannu. An ɗinka jirgin ruwa a jikinsa da shuɗin zare, har da hayaƙinsa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na kududdufi ba, na yini ina shafa shi.

Hedimasta yana karanta takardar, Iya ko saurare ba ta yi.

"Takarda bakin wani ce, Malam," in ji ta. "Duk wanda ya je wajen mai rubutu, 'muna nan lafiya' za a rubuta masa, ko a kwance yake. Ƙawata, miƙo mini ƙyallen."

Ni take kira ƙawata. Ta karɓa, ba ta ko kalli jirgin ba, ta juya bayansa ta kai shi kusa da ido.

"Yana cin abinci," ta ce.

"Iya, a ina kika gani?"

"Dubi yadda zaren ya kwanta. Hannun da ke rawar yunwa ba zai yi wannan ba."

Washegari ta tsaga kaba siri-siri, ta rina wata ja da karan dafi, ta saƙa ɗan faifai wanda zai shiga ambulan. Daga nan abin ya zama musu hanya. Shi ya aiko da ɗinkin gada, da bishiyar kwakwa, da wani kifi mai gashin baki. Ita ta mayar da faifai, kowanne da irin zanensa. Wani lokaci sai mu ga ya kwaikwayi zanen faifanta a gefen ƙyallensa. Ta duba ta taɓe baki ta ce, "Wancan ya cika son ja, tun yana yaro," sannan ta ninke ta sa a ƙasan tabarmar da take kwanciya.

Sai ambulan ya daina zuwa.

Wata ɗaya, wata uku, wata bakwai. Iya ta aika faifai uku babu amsa. Kazarta ta ƙarshe ta tafi wajen sayen kan sarki, daga baya tasar aurenta ta bi. Duk ranar da hedimasta zai dawo daga Gezawa nakan tsaya a bakin hanya, shi kuma tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in sha wahalar gudu. Inna ta rame har awarwaronta yana zamewa ya faɗi in tana daka.

Ranar nan yayan Inna, Kawu Isa, ya zo daga wajen Bici da 'yar dawa a buhu. Ya durƙusa ya gaida Iya, ya daɗe yana wasa da ƙasa kafin ya yi magana.

"Iya, ba rashin kunya na zo yi miki ba. Amma ki dubi ƙanwata. Ba ci, ba labari, ba a san rai ba, ba a san mutuwa ba. In shamuwa ta sauka babu wani bayani, zan kai magana gaban alƙali in tafi da ita gida. Yarinya kuwa taku ce, ba zan raba ku da ita ba."

Ina bayan rumbu ina ji. Na gane sarai: Inna za ta tafi, ni zan zauna. Tun daga ranar na tsani kallon sama, ni da a da nake ƙirga gajimare ina ba su sunaye. Kowa a ƙauyen yana roƙon shamuwa ta zo da damina, ni kaɗai nake roƙon Allah ya ɓatar da ita a hanya.

A yammacin ranar Iya ta fara wata tatsuniya da ban taɓa ji ba. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Ni kuma in ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Wai an yi wata mata mai ɗa guda. Sama ta rufe a garinsu, sai ɗan ya ce zai bi sawun hadari har inda yake kwana, ya ji dalilin da ya ƙi su. Ya yi ta tafiya kudu har ƙasa ta ƙare, ya tarar da hadarin ɗaure a gindin wata bishiya a bakin teku, wata tsohuwa tana gadinsa. Tsohuwar ta ce ba za ta kwance shi ba sai ya ɗinka mata riga da kumfar teku. Ya zauna ya zare allura. Duk kumfar da ya soka sai ta fashe, duk hannun rigar da ya gama sai igiyar ruwa ta lashe. Uwarsa kuwa kullum da yamma takan hau kan rumbu ta fuskanci kudu ta ƙwala kiran sunansa, har tsuntsaye su tashi. Matarsa kuma kowace safiya sai ta share ɗakinsa ta ajiye masa ruwa a randa.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Yana can yana ɗinki."

"Jiya ma haka kika ce!"

"Ke kin taɓa ɗinka kumfa, sarkin gaggawa? Na ajiye ta nan, kada kowa ya taka mini."

Haka muka yi makonni. Kullum tana ƙara wani abu, kifi ya sace masa zare, kaguwa ta ara masa almakashi, amma rigar ba ta ƙarewa. Inna ba ta zama tare da mu, saboda kunyar suruka. A bakin ƙofar ɗakinta take zama, inda hasken wutar bai kai ba. Wata rana Iya tana cikin yabon matar da ke share ɗaki, sai muka ji muryar Inna, a hankali.

"Iya, ita matar nan ta cikin tatsuniya, me take ci?"

Basillar da ke hannun Iya ta tsaya. Kara ya ƙone ya karye a murhu.

"Abin da muke ci, 'yar nan," in ji ta. Ranar ba ta ce kada a taka mata ba. Tashi kawai ta yi.

Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan gidanmu ranar wata Talata. Na jefe ta da hoge, ko motsi ba ta yi ba. Kwana biyu bayan haka na ga hedimasta bai girgiza kai ba, yana ɗaga mini ambulan tun daga nesa. Na yi gudu har na faɗi. Amma da aka buɗe, babu takarda, babu komai sai ƙyalle. Ɗinkin da ke jikinsa kuwa abin tausayi ne: zare ya hau kan zare, wani wuri ya tattare, wani ya saki. Da ƙyar muka gane rumbu ne aka so a yi. Inna ta duba sau ɗaya ta shige ɗaki. Iya ta karɓa ta sa a ƙasan tabarma, yana nan har Kawu Isa ya iso ranar Asabar.

Kawu ya juya ƙyallen a hannunsa ya yi ajiyar zuciya.

"Iya, mu ji tsoron Allah. Mutumin da hularsa har birni ake nema, shi zai yi wannan? Ko ɗan koyo ya fi haka. Wani ne a masaukinsu ya ga faifanki suna ta zuwa, ya ji tausayinki. Ni a ganina sai dai mu yi masa addu'a."

Iya ta ce in kama ta mu fita tsakar gida inda rana take. Ta juya bayan ƙyallen, ta kira Kawu da Inna su matso.

"Isa, nemo mini ƙulli a nan."

Ya duba. "Babu."

"Kowane maɗinki in ya gama sai ya ƙulle zare. Ni ban koya masa haka ba. Cewa na yi ya mayar da zaren ta ƙarƙashin ɗinki uku, ya tsaga bakinsa biyu. Ga shi nan. Ga wani nan. Yanzu dubi inda ɗinkin ya kwanta. Nasa kullum dama yake kallo, wannan hagu ya kalla." Ta dafe ƙyallen a ƙirjinta. "Habu ne. Habuna ne. Da hannun hagu ya yi."

Kawu ya sunkuyar da kai kamar wanda ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Inna ta toshe baki da gefen zane. Ni kuwa sai da na ɗan jima kafin na gane sunan Babana ne na ji.

"Wani abu ya sami hannun damansa," in ji Iya. "Kunya ce ta riƙe shi, yana ganin manomin da ba hannu nauyi ne a gida. Wata bakwai yana koya wa hagu allura don ya gaya mini yana da rai."

Kawu ya ce ya ƙara mana wa'adi har a gama noman farko.

A ranar Iya ta ɗauki basilla da hannun hagu. Kwana uku tana fama, ta soki yatsunta har kabar ta yi ɗigo-ɗigon da ba na karan dafi ba. Faifan ya fito a karkace, gefe guda ya kumbura, ko tukunya ba zai rufe ba. Na ce, "Iya, wannan ai dariya za a yi miki." Ta ce, "Shi ba zai yi ba." Inna ce ta cire 'yan kunnenta aka sayi kan sarki. Da hedimasta ya tambaya ko a haɗa da takarda, Iya ta ce babu buƙata, amma Inna ta ce daga bayan ƙofa, "Malam, a rubuta masa ba mu cinye iri ba."

Baba ya iso bayan ruwa na biyu, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Wani akwatin kaya ne ya faɗo masa a tashar jiragen ruwa, ya tafi da yatsu uku. Ya durƙusa a gaban Iya yana kuka, ɗan faifan nan yana leƙowa daga aljihunsa. Ta kau da kai ta ce, "Ku ba wancan ruwa."

Da magariba ta ƙarasa mini tatsuniyar. Wai rigar ba ta taɓa kammaluwa ba. Tsohuwar ta dubi guntun da ya rage a hannunsa, ta dubi hannun, ta kwance masa rabin hadarin.

"Rabi kawai, Iya?"

"Rabi. Ki gode Allah."

Rabin damina muka samu a shekarar kuwa. Inna ce ta riƙe sungumi tana sara, Baba yana bin ta yana zuba iri da hagu yana rufewa da ƙafa, maƙwabta suna kallo. Ba mu ƙoshi ba sai bayan wasu shekaru. Amma Inna ba ta tafi ba.

Sai da na girma, ina karatu a Bici, na fahimci cewa tatsuniyar nan ba tawa ba ce. Iya ba ta gaje ta daga kowa ba, kullum take ƙirƙirar ta a bakin murhu, ba ta san ƙarshenta ba ita ma. Da tatsuniyar take roƙon Inna ta ƙara kwana ɗaya, tunda ba za ta iya buɗe baki ta roƙi suruka ba. Kuma a cikinta ne kawai take samun damar hawa kan rumbu ta kira ɗanta da ƙarfi. Na daɗe ina zaton ba ta damu da shi ba, don abin da take nunawa a fili kaɗai nake gani.

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe. Da aka ɗaga tabarmarta aka tarar da ƙyallayen duka, jirgi da gada da kifi mai gashin baki. Baba ya ce in zaɓi wanda nake so. Na ɗauki rumbun nan karkatacce, na roƙe shi faifan hagu, suna nan tare a akwatina. Yanzu in 'yan ajina suka kawo mini aikin hannu, komai muninsa, sai na juya bayansa kafin in ce komai. Su kan yi dariya su ce Malama ba ta san gaba ba.

Na zauna da Iya shekara ashirin da ɗaya. Rana ɗaya tak na ji ta ce Habu.