Telan da Ya Auna Kyanwa

Tsohon telan nan na bakin layi, wanda kowa ke kira Gobe-Gobe saboda alkawarinsa, aiki ɗaya tak aka taɓa ganin ya gama a ranar da ya fara, shi ma na kyanwa ne.

Kyanwar tasa, Gimbiya, ta daɗe tana fama da ciwon ciki. Zawo ya tafi ya dawo, duk ta rame. Likitan dabbobi ya duba ta, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ja masa kunne cewa ko ta ji sauƙi sai ta shanye shi duka. Ranar farko ta tofar da ƙwayar, ta bar masa zanen yakushi har gwiwar hannu.

Sai ya ɗauko tef ya auna ta, wuya da ƙirji, ya hau keke ya ɗinka mata jaka mai zariya, kanta kaɗai ke leƙowa. Safe da yamma yakan zura ta ciki, ya buɗe mata baki yana wa'azi: "Ba a barin magani rabi, Gimbiya."

Matarsa, wadda rigarta ke rataye ba hannu tun bara, duk tana jin sa.

Da tari ya kama shi, ya sha nasa maganin kwana biyu, ya tura sauran bayan kwalin zare, wai ya warke. Yana cikin ɗinki sai ya ji tef a wuyansa.

"Lafiya, uwargida?"

"Kar ka motsa, Malam. Saura ƙirji."